A Koma Ga Magina Domin Ajiyar Kayan Tarihi

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rufewa. Manomi ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora ta bisa duwatsu don kada ta taɓa laimar ƙasa, ya yi mata hular ciyawa, ya zuba gero ko dawa, ya liƙe bakinta. Bayan shekara biyu ko uku ya buɗe ya tarad da hatsinsa lafiya lau. Ba lantarki, ba inji, ba ɗan kwangila. To, abin mamaki shi ne, wannan dabara da talaka ya amince mata a kan abincin iyalinsa, ita ce manyan ma'aikata suke ganin ba ta isa a amince mata a kan kayan tarihin ƙasa ba. Da an ce za a gina ma'ajiya, sai a ɗauko bulo da siminti da kwano, a manna na'urar sanyaya ɗaki a bango, a kira Minista ya yanke zare, shi ke nan an gama.

Maganar ta taso ne domin yanzu kayan tarihin Nijeriya da Turawa suka kwashe sun fara dawowa gida. Cikin 1897 sojan Ingila suka ci birnin Benin suka wawashe tagulla da hauren giwa na fadar Oba. Cikin 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,000, kuma cikin 2025 Holan ta dawo da guda 119. Shekara da shekaru dalilin da masu riƙe da kayan suke fakewa da shi guda ne, watau wai ƙasar nan ba ta da wurin ajiye su. Wannan magana da ciwo take, amma wanda zai musa ta sai ya fara shiga ɗakunan ajiya na gidajen tarihin da ke akwai ya ga halin da suke ciki.

Ya kamata a fahimci abin da ke kashe kayan tarihi. Mutane da yawa suna zaton zafi ne. Zafi yana da nasa laifi, amma babban mai ɓarna shi ne hawa da saukar laima cikin iska. A Kano lokacin hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sa'an nan cikin watan Agusta ta haye kashi 70 har ta wuce. Itace da fata da takarda da ƙwarya duk suna shan laima su kumbura, in iska ta bushe kuma su tsuke. Kowace uwar gida ta san ƙyauren da ke ƙin rufuwa da damina, da rani kuma ya saki har ana hangen waje ta tsakaninsa. Haka tambarin sarki yake yi, haka sirdi da garkuwa da gafaka da allo suke yi. In kumburi da tsukewar suka zo a hankali cikin watanni, kaya sukan jure. In suka zo sau biyu a yini, fata ta tsage, itace ya dare, tawada ta ɓamɓaro daga takarda. In kuma laima ta daɗe a sama da kashi 70, sai fumfuna ta kama, ƙwari su samu wurin zama.

To, a dubi ɗakin bulo mai rufin kwano. Bulon da ake bugawa yanzu rami ne a cikinsa, kaurinsa inci shida ko tara. Da hantsi ya yi rana ta huda shi, cikin watan Afrilu da zafin waje ke kai digiri 40 ɗakin ya koma tanda, da asuba kuma ya huce sarai. Don maganin wannan aka kawo na'urar sanyaya ɗaki. Da wuta tana tsayawa dare da rana, da ba a ce kome ba. Amma kowa ya san halin lantarki a ƙasar nan tun zamanin NEPA har aka canza mata suna aka sayar, hali bai canza ba. Na'ura ta yi aiki awa huɗu, ɗaki ya yi sanyi, a ɗauke wuta, iska mai ɗumi ta shigo ta sauka a kan kayan da suka yi sanyi, su yi gumi kamar kwalbar lemo da aka fiddo daga firij. A kawo wuta, su sake bushewa. Janareto kuwa sai da man dizal, kuma kuɗin man gidan tarihi shi ne na farko da ake yankewa in kasafi ya yi ƙaranci. Watau an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kayan da aka kai irin wannan ɗaki da an bar su cikin adakar mai su, a ƙuryar soro, da sun fi samun lafiya.

Har wa yau akwai hatsarin gobara. Ba a manta ba tukuna a duniyar masu tarihi abin da ya faru a Barazil ranar 2 ga Satumba 2018, sa'ad da babban gidan tarihinsu na birnin Riyo ya ƙone, mai ɗauke da kaya wajen miliyan 20, mafi yawansu suka zama toka cikin dare guda. Da 'yan sanda suka gama bincike, sai suka ce wutar ta tashi ne daga na'urar sanyaya ɗaki da ba a haɗa mata waya daidai ba. Barazil ke nan, ƙasar da ta fi Nijeriya wadatar lantarki.

Bangon ƙasa aikinsa dabam ne. Katangar tubali irin ta magina na gargajiya tana da kauri ƙwarai daga gindi, ta riƙa sirancewa zuwa sama. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i da yawa kafin ya ratsa ta, kafin ya kai ciki dare ya yi, sai ta riƙa mayar da shi waje. Shi ya sa baƙo ya shiga zaure da azahar ya ji kamar an yayyafa ruwa, da hunturu kuma a kwana cikin soro ba a nemi garwashi ba. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga kayan tarihi, ƙasar da ba a gasa ba tana shan laima tana kuma sakinta. In iskar ɗaki ta yi danshi bango ya tsotse, in ta bushe ya mayar. Siminti da aka shafe da fentin mai ba ya yin haka. Bangon ƙasa ba zai mai da Agusta ta zama Janairu ba, amma zai hana ɗaki canzawa tsakanin safe da yamma, kuma wannan shi ne rabin aikin. Ga shi ba ya cin wuta, kuma ba ya jiran a kawo masa wuta.

Su kansu Turawan da suka koya wa ƙasar nan sanyaya ɗaki sun fara ja da baya. A da ƙa'idarsu ita ce a tsayad da ɗaki a wajen digiri 20, laima wajen kashi 50, ba gaba ba baya, ko nawa za a kashe. Da kuɗin wuta ya ishe su, cikin 2014 manyan ƙungiyoyin masu kula da kayan tarihi na duniya suka fito suka yarda a sassauta, har manyan gidajen tarihi suka amince cewa galibin kaya suna zama lafiya tsakanin digiri 16 da 25, laima tsakanin kashi 40 da 60, muddin ba a yi tsalle ba. Suka kuma ce a fara duban abin da gini zai iya yi da kansa kafin a sayi inji. A birnin Kolon na Jamus akwai gidan tarihi mai suna Kolumba, wanda aka buɗe cikin 2007, bangon ɗakunansa yaɓen ƙasa ne. Ba mamaki nan gaba a ga wani ya tafi Jamus kwas na wata shida da kuɗin Gwamnati don ya koyo yaɓe, alhali kuwa ga maginin unguwarsu yana zaune ba aiki.

Shaida ta kusa ita ce Tambutu. Littattafan malamanta na hannu sun yi ɗaruruwan shekaru cikin adakoki a gidajen ƙasa. Lalle bushewar hamada ta taimaka, ba bango kaɗai ba. Amma da 'yan bindiga suka kama garin cikin 2012, aka yi ta fitar da littattafan a ɓoye zuwa Bamako, inda ruwa ya fi yawa, aka tara su cikin ɗakunan zamani, sai ga sabuwar damuwa ta taso, watau laima, har sai da aka nemo injunan tsotse danshi. An tsirar da su daga wuta, saura kaɗan ruwan iska ya ci su. Hubbaren waliyyai kuwa da 'yan bindigar suka rushe, maginan garin ne suka sāke tayar da su da ƙasa, aka gama cikin 2015, domin sana'ar tana nan a hannunsu ba ta mutu ba.

A nan gida ma ba baƙon abu ba ne. Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ginin ƙasa ne, kuma a cikinsa ake ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙi da na sana'a. Gidan Ɗan Hausa shi ma haka. A Jos kuwa, inda Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi cikin 1952 domin gumakan Nok da ake tonowa a ramukan kuza, akwai fili guda da aka keɓe don gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya yi shekaru yana yawo yana auna gidaje da masallatai da fadoji, sa'an nan aka tara magina suka gina kwatankwacinsu a wurin, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Ya rasu cikin 1982. Sai dai an ɗauki wurin abin kallo ne kurum, inda 'yan makaranta za su je su ga yadda mutanen da suka yi zama. Ba a ɗauke shi makaranta ba, inda Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, za ta koyi yadda za ta gina ma'ajiyoyinta.

Masu ƙin wannan shawara suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufto wa masallata suna sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Wannan shi ne masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda masana gini na duniya ke zuwa kallon bakan gizonsa. Cikin Satumba 2024 kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram a Nijar. Kowace damina ana jin labarin gidajen ƙasa da suka faɗa wa mutane. Wanda ya ce a ɗauki abin da ba shi da na biyu a duniya a sa shi ƙarƙashin irin wannan rufi, dole ne ya amsa tambaya.

Amsar ita ce, ginin ƙasa alkawari ne tsakanin mai gida da magini, kuma alkawarin na kowace shekara ne. Kafin ruwa ya sauka a hau soro a duba, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sabunta yaɓe. Magina na da suna da makuba ta ɓawon ɗorawa, suna da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, wanda in an shafe soro da shi ruwa ke zamewa. Suna rufi da azarar giginya domin gara ba ta cinta da sauƙi. Masallacin Zariya ya haura shekara 180 a tsaye kafin abin ya faru. A nuna ginin bulo na Gwamnati guda da ake sa ran zai kai haka. A Jenne ta ƙasar Mali babban masallacin da aka gina cikin 1907 yana nan, domin kowace shekara gari duka ke fitowa a yi masa yaɓe cikin yini guda. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 ita ma gyara ke riƙe da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta zama rushewa sai an gan ta an kau da kai. Benayen siminti ma suna faɗuwa a Ikko kusan kowace shekara, ba wanda ya ce a daina siminti, cewa ake yi a kama maginin da ya ha'inci aiki.

Kuma ba cewa ake yi a koma tubali da azara tsantsa ba. Ma'ajiyar da ake nufi harsashinta na dutse ne da siminti, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, a sa abin da zai hana laima da gara hawowa. Bangon a yi shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da ɗan injin hannu, wanda ake sa masa siminti kaɗan, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ko kuma a daddanne ƙasar cikin katako hawa hawa har ta yi tauri kamar dutse. Daga ciki a yi yaɓen ƙasa zalla, kada a shafa fentin mai. Daga sama a yi rufi biyu, na ƙasa a ciki, na kwano a bisansa da tazara don iska ta wuce, bakinsa ya zarce bango sosai yadda ruwa ba zai dake shi ba. Manomi ma ai hula yake yi wa rufewarsa. A garin Dandaji na Nijar an yi irin wannan cikin 2018, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, kuma maginan yankin ne suka yi aikin.

Mutanen Kudu za su ce wannan maganar Arewa ce, su ruwansu ya fi ƙarfin ƙasa. Akwai gaskiya a ciki. A Ikko ko Benin ko Kalaba laima takan zauna a sama wata da watanni, bango ya sha har ya ƙoshi, daga nan ba abin da zai ƙara. A can dole a haɗa da ɗan injin tsotse danshi. Amma injin da ɗaki mai kaurin bango, marar tagogi, yake bukata ƙarami ne, wanda faifan hasken rana kaɗan za su riƙe shi, kuma in ya tsaya kwana biyu ɗakin ba zai birkice ba. A Benin ɗin ma, ginin farko na sabon gidan tarihin fasahar Afirka ta Yamma an yi bangonsa da jar ƙasar wurin ne da aka daddanne. Rigimar da ta tashi a kansa cikin Nuwamba 2025 ta mallaka ce da sarauta, ba wanda ya ce bangon ya gaza.

Sauran ƙorafi na ɓarayi ne, wai bangon ƙasa ana iya haƙa shi. Cikin shekarun 1980 da 1990 an yi sata a gidajen tarihi na Jos da Ife, kayan suka ɓulla a kasuwannin Turai, kuma ba bangon ƙasa aka haƙa ba. Maganin ɓarawo mai gadi ne da ake biyansa albashi kan kari, da rajistar da ta ƙunshi kowane kaya da hotonsa.

In aka bi diddigi, abin da ya hana ginin ƙasa shiga ofis abu biyu ne. Na farko kunya. An yi shekaru ana koya wa yara cewa gidan ƙasa alamar talauci ne, har ya zama wanda ya samu kuɗi abin da zai fara yi shi ne ya rushe soron ubansa ya kafa bulo, sa'an nan ya kwana a waje saboda zafi. Na biyu kwangila. Ginin ƙasa kuɗinsa yana tafiya ne wajen lebura da magini da mai jaki, a warwatse, kaɗan kaɗan. Siminti da rodi da na'urorin da ake odarsu daga waje kuwa kuɗinsu a dunƙule yake, kuma abin da ke dunƙule shi ya fi sauƙin gutsura. Daɗin daɗawa, tsarin kasafin Gwamnati ya san sabon gini, bai san gyara ba. Ana iya samun miliyoyi don a kafa harsashi, a rasa ɗan abin da za a biya magina uku su yi yaɓe kafin damina. Cikin 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma masana sun ce yin siminti kaɗai ke fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma duk wannan bai sa an waiwayi kududdufi ba.

Abin tsoro shi ne lokaci. Sarakunan magina suna nan a Kano da Zariya da Katsina, amma waɗanda suka iya ɗaurin guga da bakan gizo da hannunsu tsufa suke yi, 'ya'yansu kuwa sun koma buga bulo ko acaɓa, domin nan abinci yake. Littattafan da ke Gidan Arewa a Kaduna, da na ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da dubban da ke hannun zuriyar malamai cikin gafaka, su ma ba jira suke ba. Yawancin na hannun jama'a ba za su taɓa shiga ɗaki mai na'ura ba, kuma masu su ba za su ba da su ba. Abin da zai amfane su shi ne a nuna musu irin ɗakin da za su iya ginawa da kansu a cikin gida.

Ba a ce Hukumar Gidajen Tarihi ta yarda da magana don an faɗa ba, gani ya kori ji. Tana da fili a Jos, tana da Gidan Makama a Kano. Ta kira Sarkin Magina da malaman gini na Jami'ar Ahmadu Bello su zauna tare, a gina ɗaki guda na ƙasa a kowane wuri kusa da ɗakin bulo mai girma ɗaya. A rataya ma'aunin zafi da na laima a cikin kowanne, waɗanda yanzu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, a sa tsohuwar fata da takarda da akushi marasa daraja a ciki, a rufe. A bar su su ga hunturu da bazara da damina guda, sa'an nan a buga abin da ma'aunan suka nuna a jarida kowa ya karanta. Kuma tun daga ranar da aka kafa harsashi a rubuta kuɗin yaɓen shekara goma cikin takardar kwangila, a sa sunan magini a jerin ma'aikatan gidan tarihi kamar yadda ake sa na direba da na masinja.